Gotek

Gotek wata ƙaramar na'ura ce ƙirar ƙasar Sin, wadda ake sa wa tsofaffin kwamfutoci a gurbin na'urar karanta faifan fulofi. Girmanta ɗaya da na'urar fulofi mai inci 3.5, kuma ana jona ta da kebul ɗin nan mai fil 34 da aka saba amfani da shi. A gabanta akwai ramin USB da maɓallai da ɗan allo mai nuna lamba.

Ana kwafe faifai sukutum ya zama fayil guda, a zuba shi a filashi. Idan kwamfuta ta nemi bayani, Gotek na tura mata sigina irin ta fulofi, don haka ba ta gane an yi canji. Filashi ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan irin waɗannan fayiloli.

Masu kwamfutocin Amiga da Atari ST sukan ɗora mata manhajar FlashFloppy, wadda Keir Fraser ya rubuta kuma ake samu kyauta. Ana kuma sa Gotek a tsofaffin kibod na kiɗa da injinan surfani. Buƙatarta ta ƙaru ne saboda faifan fulofi na lalacewa da daɗewa, kuma kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011.