Ranar da Waƙar Rap Ta Shiga Kotu a Amurka

A watan Yunin 1990, wani alƙalin kotun tarayya a jihar Fulorida ta Amurka, Jose Gonzalez, ya yanke hukuncin da ya girgiza masana'antar waƙa. Ya ce kundin waƙoƙin ƙungiyar 2 Live Crew mai suna As Nasty As They Wanna Be batsa ne tsagwaronsa, don haka doka ba ta ba shi kariya ba. Bayan kwana biyu aka kama wani mai shagon sayar da faifai a Fort Lauderdale saboda ya sayar wa ɗan sandan da ya ɓad da kama. Ba a jima ba aka kama wasu mawaƙan ƙungiyar bayan sun yi wasa a gidan rawa na manya.

Rikicin ya samo asali ne shekaru biyar kafin nan. A 1985, Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, tare da wasu matan manya a Washintin, suka kafa ƙungiyar PMRC domin yaƙi da kalaman batsa da tashin hankali a waƙoƙi. Majalisar Dattawa ta zauna a watan Satumba na shekarar ta saurari ɓangarorin biyu. Da farko mawaƙan rock aka fi sa wa ido, amma daga wannan gwagwarmaya aka samu tambarin gargaɗin iyaye, baƙi da fari, wanda muke gani har yau a jikin kundi.

Da rap ta bunƙasa, sai akalar ta juya kanta. A 1989 wani babban jami'in FBI ya aika wa kamfanin da ke rarraba waƙoƙin N.W.A wasiƙa yana ƙorafi kan wata waƙarsu da ta caccaki 'yan sanda. Matasan Compton kuwa sun ce abin da suke gani kullum a unguwarsu suka faɗa. A 1992, bayan matsin lambar ƙungiyoyin 'yan sanda da suka daga Shugaba George Bush na farko da mataimakinsa Dan Quayle, Ice-T ya janye waƙarsa Cop Killer daga kundin ƙungiyarsa Body Count.

Shari'ar 2 Live Crew ce ta fi koya mana darasi. Tun 1973, a shari'ar Miller, Kotun Ƙoli ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira abu batsa: ya kasance yana motsa sha'awa ta banza bisa ma'aunin al'ummar wurin, ya bayyana jima'i ta hanyar da ta wuce gona da iri, sannan a dube shi gaba ɗaya a ga ba shi da wata ƙima ta adabi, fasaha, siyasa ko kimiyya. Sharaɗi na uku ne ya zama ƙashin bayan kariyar mawaƙan. Masanin adabin baƙaƙen fata Henry Louis Gates Jr. ya ba da shaida cewa waɗannan kalamai sun fito daga tsohuwar al'adar zambo da habaici da wasan baki ta baƙaƙen Amurka, inda ake zuzuta magana da gangan domin raha. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke mawaƙan a watan Oktoban 1990, kuma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Gonzalez, tana cewa alƙali ba zai iya yanke cewa waƙa ba ta da ƙima ta fasaha ba don kawai ya saurare ta da kunnensa.

Bai kamata mu ɗauka cewa duk masu suka masu danniya ne ba. C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ta yi yaƙi da waƙoƙin da ke wulaƙanta mata, kuma damuwarta gaskiya ce. Bambancin da tarihi ya nuna mana shi ne tsakanin al'ummar da ta ƙi sayen waƙa ko ta soke ta a fili, da hukumar da ta tura 'yan sanda su kama mawaƙi. Wani abin lura kuma shi ne haramcin ya ƙara wa kundin 2 Live Crew kasuwa.

Yau faɗan ya koma wani fage: masu gabatar da ƙara suna kawo baitocin mawaƙi a kotu a matsayin shaidar laifi, kamar yadda aka yi a shari'ar Young Thug a Atlanta. A 2022 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta taƙaita wannan dabi'a. Tambayar da aka yi wa Gonzalez har yanzu tana nan a gaban kowane alƙali da kowace hukumar tacewa, ciki har da namu: wa ke da ikon cewa kalaman mawaƙi ba fasaha ba ne, kuma da wane ma'auni?