Kayan Ɗaki da Cinikin Gwanjo a Ƙasar Hausa: Waiwaye Cikin Tarihi

A al'adar Hausawa, miji ne ke samar da muhalli, amma ƙawata ɗakin amarya nauyi ne da ya rataya a wuyan iyayenta. Bisa galibi uba ke sayen gado da katifa, uwa kuma ta tanadi ƙore da kwanuka da sauran tarkacen girki. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa sauke wannan nauyi, musamman ta hanyar sayen kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Kafin zuwan Turawa, yawancin kayan ɗaki na gida ne: gadon kara ko na ƙasa, da tabarma, da adudu, da akushi, da faifai, da ƙoren da ake ratayewa a ragaya. Tasoshin tagulla sai gidan sarauta da na attajirai. Irin wannan zamani ne Baba ta Karo ta ba da labarinsa a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954. A wancan lokaci ba a ɗauki tsohon kaya abin kunya ba. Ƙwaryar da ta tsage akan kai ta a ɗinke, kuma uwa takan ɗebi kayan da aka yi mata jere da su ta sa wa 'yarta.

Canji ya zo ne da mulkin mallaka, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗi suka shiga hannun talakawa. Kantunan Turawa da na Kwara suka cika da kwanukan fenti, irin su langa da fanteka, sannan aka samu gadon ƙarfe mai rumfa. Daga baya aka kafa masana'antun yin kwanuka a cikin Nijeriya. Da haka jere ya zama ma'aunin darajar amarya da ta danginta, domin mata kan shigo ganin ɗaki su ƙirga abin da aka jera.

A nan ne matsayin dillaliya ya ƙara fitowa fili. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ko aure ya mutu da abinta take fita. Saboda haka kwanukan jere sun zama mata taska. Idan buƙata ta taso, ko yayi ya wuce, sai ta kira dillaliya ta ba ta su. Ita kuwa dillaliya, da yake tana shiga gida-gida wurin matan kulle, ta san wadda ke shirin aurar da 'ya. Sai ta kai mata kayan da rahusa, ta karɓi la'adarta, ba tare da ta bayyana sunan mai su ba. Ta haka ake rufa asirin mai saye da mai sayarwa. Uwa kuma takan haɗa kuɗin ne daga adashi, da gudummawar ƙawaye, da ribar tallar da yarinyar ke yi, kamar yadda binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna a shekarun 1970. Inda abin ya gagara, akan ari kayan jere a wurin dangi, a mayar bayan an watse daga biki.

Arzikin man fetur, da ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975, sun ɗaga buri. Aka shiga yayin kujerun kushin, da katifar soso a madadin ta audugar rimi, da kabad mai gilashi cike da tangaran. Amma wadatar ba ta ɗore ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci. Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi. Daga nan gwanjo ya samu karɓuwa. Asalin ma'anar kalmar ita ce cinikin wa-ya-fi, amma sai ta faɗaɗa ta haɗa duk wani kaya na hannu. Labule da darduma da firiji suka riƙa shigowa daga Turai, da yawa ta tashar ruwan Kwatano, har kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano suka shahara da su. Kafintoci kuma suka ƙware wajen sake wa tsofaffin kujeru yadi da fenti.

Nauyin bai tsaya ga iyaye kaɗai ba, domin tsadar kaya takan jinkirta auren kansa. Shi ya sa da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara auren zawarawa a 2012, gado da katifa na cikin abin da gwamnati ta bayar.

A taƙaice, sayen kayan hannu ba baƙon abu ba ne da talauci ya kawo jiya. Tsohuwar dabara ce wadda ta taso daga gadon uwa, ta bi ta hannun dillaliya, ta isa rumfar ɗan gwanjo. Iyalan da suka riƙe ta sun aurar da 'ya'yansu ba tare da ɗimbin bashi ba, domin sun yi aiki da karin maganar nan da ke cewa, daidai ruwa daidai tsaki.