Malamar Ƙauye Daga Ƙauye Take Fitowa

'Yan uwa mata, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwayi tarihin malaman ƙauye.

A 1976 gwamnati ta kawo UPE, wato firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, sai aka riƙa ɗaukar waɗanda ba su da takardar koyarwa su riƙe aji. Saboda irinsu aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Mutum yana kan aikinsa yana karatu ranar Asabar da lokacin hutu, har ya samu takarda, daga baya ma har NCE.

Amma ƙauye bai huta ba. Malamin da aka turo daga birni, kafin damina biyu ya nemi canji. In kuma babu malama mace, iyaye da yawa sai su cire yarinya su ɗora mata talla. Da yawanmu haka aka yi mana, sai da girma muka shiga ajin yaƙi da jahilci.

Shi ya sa a 2008, da taimakon UNICEF, jihohin Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato suka fara tura 'yan matan ƙauye kwalejin ilimi, bisa sharaɗin su dawo gida su koyar.

To, matan da ke taimaka wa malamai a makarantunmu fa, ga su nan ba takarda. Gidansu nan, aurensu nan, ba inda za su. Mu ware wani abu daga adashenmu, mu biya musu kuɗin rajista.