Kindirmon Mangwaro: Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

Mangwaro yakan cika kasuwannin Madawa, Buza da Keita daga watan Maris zuwa Yuni. Wani daga lambunan kwarin Tarka da Maggiya yake fitowa, wani kuma daga Najeriya. Lokacin bazara ne, rumbuna sun fara yin ƙasa, ganyen miya ya yi wuya. Nunannen mangwaro yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo wa yara dundumi da raunin garkuwar jiki. Sinadarin ya fi shiga jiki idan ya haɗu da maiƙo, shi ya sa gama shi da kindirmo ya fi shan sa da ruwa zalla.

A wanke hannu da sabulu, a wanke mangwaro manya 2, a fere, a yanke tsokar. Mai aure ya fi dacewa, don ba shi da zare sosai. Idan ɗan ƙasa ne, sai a tace da rariya. A dame da ludayi, a zuba kindirmo kofi 2, a burga da maburgi har ya yi sumul. Injin markaɗe ba dole ba ne, sukari ma haka.

Hatsarin yana cikin nono da ruwa. Sai an tafasa madara kafin a kwantar da ita, domin ɗanya tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka. Kada a saka ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. A zafin Afrilu, da kan wuce digiri 40, a shanye cikin awa 1. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai za a ba shi.