Maƙoƙo da Hanyar Gishiri

A gidan kakata akwai wata dattijuwa da ke zuwa saƙar faifai duk yamma, kullum da mayafi naɗe a wuyanta ko da zafin bazara ya kai inda ya kai. Sai ranar da ta sunkuya alwala mayafin ya zame na ga dalili. Wani ƙullutu ne kamar ƙaramin ludayi a gaban wuyanta, in ta haɗiyi yawu ya hau, ya kuma sauko. Kakata ta harare ni, na kau da kai. Daga baya aka ce mini maƙoƙo ne, wasu suna cewa ruwan rijiyar garinsu ne, wasu suna cewa jifa ce tun tana amarya. An yi mata tsaga, an yi sakiya, an ɗaura laya, abin yana nan daram har ta koma ga Mahaliccinta. Yau in ka tambayi ɗan sakandare mene ne maƙoƙo, da wuya ya ce ya taɓa gani da idonsa. Ɓacewar tasa tana da tarihi, kuma tarihin ya bi hanyar gishiri ne.

A gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce mata tayiroid. Ita ke haɗa sinadarin da ke tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwa, kuma ba ta iya wannan aiki sai da wani sinadari mai suna aidin. Abin da take buƙata kaɗan ne ƙwarai. Babban mutum maikirogiram 150 ya ishe shi a rana, mai juna biyu 250, wanda in aka tara na tsawon rayuwar mutum bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. In ta rasa wannan ɗan kaɗan sai ta kumbura don ta tatsi abin da ya saura a jini, kumburin nan shi ne maƙoƙo. Aidin kuwa a teku ya taru. Ruwan sama da ambaliya sun shafe dubban shekaru suna wanke shi daga ƙasar tudu da duwatsu, don haka dawar da aka noma a irin wannan ƙasa, da nonon saniyar da ta yi kiwo a kanta, duk ba su da shi isasshe.

Wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ne ya gano aidin a 1811, yana dafa tokar ciyawar teku don haɗa albarushi. A 1820 wani likita a Janeba, Coindet, ya fara bai wa masu maƙoƙo shi, kumburin yana sacewa. Amma an riƙa zuba shi fiye da kima, marasa lafiya suka shiga bugun zuciya da rawar jiki da rama, maganin ya yi baƙin jini na tsawon shekaru. Sai a ƙarni na 20 aka dawo kansa da natsuwa. Daga 1917 David Marine ya yi gwaji a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka. Cikin sama da dubu biyu da suka sha aidin, biyar kacal suka yi maƙoƙo. Cikin kusan adadin nan da ba su sha ba, kusan ɗari biyar suka yi. A Suwizalan, inda akwai ƙauyukan kan dutse da maƙoƙo ya zama kamar gado, likitocin karkara irin su Otto Bayard da Hans Eggenberger suka ga cewa bin mutane gida-gida da kwalbar magani ba zai ɗore ba. Gishiri kuwa kowa yana ci, mai kuɗi da talaka, kuma kusan gwargwado ɗaya kullum, tunda ba wanda zai cika wa miyarsa gishiri don ya yi arziki. A 1922 yankin Appenzell ya fara sayar da gishiri mai aidin, a 1924 jihar Mishigan ta Amurka ta bi sahu.

Duk wannan lokacin galibi ana kallon abin a matsayin matsalar wuya, wato muni da nauyin numfashi. Abin da ya sauya lissafi ya faru ne a tsaunukan Papuwa Niyu Gini a shekarun 1960. Can aka yi wa mata allurar mai mai ɗauke da aidin, aka bi diddigin 'ya'yan da suka haifa, aka ga cewa matan da suka samu allurar kafin su ɗauki ciki ba sa haihuwar yaran nan tsumburarru, kurame, bebaye, masu raunin hankali, waɗanda suka yi yawa a yankin. Basil Hetzel, likitan Ostireliya da ke cikin masu aikin, ya fito a 1983 yana cewa a daina magana a kan maƙoƙo kaɗai, domin ɓarin ciki, da haihuwar gawa, da yaron da ya kasa gane karatu, duk reshe ne na bishiya ɗaya. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa al'ummar da ke cikin tsananin rashin aidin tana iya rasa sama da maki goma a ma'aunin basira. A ganina nan ne abin ya fi ciwo. Mai maƙoƙo ana ganinta a tausaya mata, amma yaron da ya sha bulala a makarantar allo da ta boko ana ce masa daƙiƙi, ba wanda ya taɓa tunanin cewa tun yana ciki aka rage masa rabonsa. A taron ƙoli kan yara da aka yi a Niyu Yok a 1990, shugabannin duniya suka yi alkawarin kawar da matsalar kafin shekarar 2000, kuma a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da shawara ɗaya: a sa aidin a duk gishirin da mutum ko dabba za su ci.

A Nijeriya an daɗe da sanin inda maƙoƙo ya yi sansani, musamman yankunan tudu da duwatsu na Filato, Binuwai, Kogi, Nsukka, Obudu da arewacin Oyo. A shekarun 1960 wani likita, Ekpechi, ya lura cewa rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba yana ƙara tsananta abin, domin yana barin wani sinadari a jini da ke hana tayiroid kama aidin. Mu masu tuwo da fura ma ba mu tsira ba: binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna gero yana da irin wannan hali in ya zama shi ne abincin safe da dare ga mutanen da dama aidin bai ishe su ba. Wannan ba laifin gero kaɗai ba ne. A 1993 ƙiyasi ya nuna mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba a ƙasar yana da maƙoƙo, babba ko ƙarami, kuma gidajen da ke cin gishiri mai aidin ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. A shekarar aka wajabta sa aidin a gishiri. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta yanka ma'auni: miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, 30 a hannun ɗan kasuwa. Hukumar NAFDAC, wadda ita ma a 1993 aka kafa ta, ta ɗauki sa ido a kasuwanni. Kafin shekarun 1990 su ƙare, gidaje sama da kashi 90 cikin ɗari suna cin gishiri mai aidin, kuma a 2005, lokacin marigayiya Dora Akunyili tana shugabantar NAFDAC, Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka ba shaidar cika wannan sharaɗi.

Mun saba ganin doka ta kwana a takarda, to me ya sa wannan ta yi aiki? An yaba wa jami'ai, kuma sun cancanci yabo, amma ni ina ganin babban sirrin yana ga hanyar da gishirin ke bi. Ɗaruruwan shekaru gishirin ƙasar Hausa daga arewa yake zuwa. Buzaye suna tasowa da ayarin raƙuma daga Bilma da Fashi, su ratsa Tenere zuwa Azbin, su gangaro Damagaram da Katsina da Kano da kantu da beza, su koma da gero da tufafi. Matafiyin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da irin wannan ayari ya shigo ƙasar Hausa a farkon 1851. Ga mangul daga ƙasar Manga, ga gishirin Foga, ga na Awe da Keana da mata ke dafawa a tukwane. Da a ce haka abin yake har 1993, da wace hukuma za ta iya bin kowane raƙumi da kowace tukunya? Amma tun zamanin Turawa gishirin jirgin ruwa ya fara ture na hamada, jirgin ƙasa yana hauro da shi daga Ikko. Ya zuwa lokacin dokar, kusan duk gishirin da 'yan Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da shi ta tashoshin ruwa ƙalilan, kamfanonin da ke tace shi kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Ka tsare ƙofofin nan, ka zauna da masu kamfanonin a ɗaki ɗaya, ka gama da gishirin mutum sama da miliyan ɗari. Abin da ya karya kasuwar fatakenmu na da shi ne ya sauƙaƙa wa likitoci aikinsu, kuma ban san yadda mutum zai yi murna da ɗaya ba tare da ya ɗan yi jimamin ɗayan ba.

Maƙwabta sun tabbatar da wannan. Gana ta yi tata dokar a 1996, amma a lokacin gishirinta yana fitowa ne daga hannun dubban ƙananan masu kwasa a bakin teku, irin su tafkin Songor na Ada, kowa da ɗan fegensa da buhunansa, shi ya sa ta daɗe tana fama. Nijar ta yi doka a tsakiyar shekarun 1990, sai dai gishiri yana shigo mata ta iyakoki da yawa, ga kuma na gida daga Bilma da Foga da Tigidda wanda ba ya bi ta wata masana'anta. Habasha kuwa darasinta ya fi kowanne zafi. Gishirinta mai aidin daga bakin tekun Eritiriya yake zuwa, da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 1998 hanya ta toshe, aka koma ga gishirin Afar wanda ba a sa masa komai, abin da aka gina ya rushe, sai bayan dokar 2011 aka sake hawa. A wani gefen kuma Zimbabuwe ta ga illar wuce gona da iri a shekarun 1990, lokacin da gishiri mai aidin fiye da kima ya tayar wa wasu masu tsohon maƙoƙo da ciwon bugun zuciya da rama, irin dai wanda aka gani a zamanin Coindet. Bayan haka aka rage ma'aunin da ake bai wa ƙasashe shawara.

Na taɓa tsayawa a kasuwa ina kallon wata ma'aikaciyar lafiya tana gwaji. Kayan aikinta ba su wuce 'yar kwalba kamar ta maganin ciwon ido ba. Ta ce wa mai gishirin, "Baba, ɗan ɗebo mini kaɗan a nan." Ya ɗebo daga leda ya zuba a murfin kwano, ta ɗiga ɗigo biyu, nan take wurin ya rine ya koma shuɗi mai duhu kamar an taɓa shi da baba. Ta nuna buhun da ke buɗe a gefe, wanda ake aunawa da gwangwani, rana tana dukansa. Aka ɗiga, aka jira, sai wani ɗan dishi-dishin launi da sai ka ƙura ido. Dattijon ya ce, "'Yata, ai duk gishiri ne, ɗanɗana ki ji." Gaskiyarsa ta fuskar harshe, don aidin ba ya sauya ɗanɗano ko kama. An zaɓi nau'in aidin da ya fi jure zafi da laima saboda ƙasashe irin namu, amma duk da haka buhun da ya yi watanni a buɗe, damina ta jiƙa shi rani ya busar, yana rasa rabonsa. Ga kuma gishirin da aka shigo da shi da sunan masana'antu ko jima ko lasar dabbobi, wanda araharsa ke sa ya zarce tukunyar miya. Hausawa sun ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ma ya ji kunya. Aidin da ke cikinsa kuwa rana da ruwan duka abokan gabarsa ne.

A duniya baki ɗaya, gidajen da ke cin gishiri mai aidin sun tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a 1990 zuwa kusan kashi 90, ƙasashen da ke cikin rashi kuma sun sauko daga sama da ɗari zuwa kimanin ashirin. Sai dai tukunyar da aka yi wa lissafi a 1993 ta sauya. Yanzu gishiri mai yawa yana shiga cikinmu ta dunƙulen miya, da burodi, da taliyar leda, don haka ya zama dole a san irin gishirin da masu waɗannan masana'antu ke zubawa. Likitocin hawan jini kuma suna ta kiran a rage gishiri zuwa ƙasa da giram biyar a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma suna da gaskiya. In mutane suka ji kiran, sai an sake auna yawan aidin da ake sa wa kowane kilo, don kada mai juna biyu ta rage gishiri saboda kumburin ƙafa ta rage wa ɗan cikinta abin da ƙwaƙwalwarsa ke jira. Waɗanda za su zauna su yi wannan lissafi yanzu, a Abuja ko Yamai, mafi yawansu sun taso ba su taɓa ganin mayafi ya zame daga wuyan kowa ba.