Yadda Likitoci Suka Gano Cewa Azabar Ƙuruciya Tana Bin Mutum Har Girma

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, likitoci ba su cika ɗaukar cin zarafin yara a matsayin lamarin asibiti ba. A shekarar 1962 ne likitan yara Henry Kempe da abokan aikinsa suka wallafa bayani a Amurka kan yaran da ake kawowa da karaya da raunuka, alhali masu riƙonsu ne suka ji musu ciwon. Amma a lokacin, hankali ya tsaya ga raunin da ido yake gani.

A shekarar 1985, Dakta Vincent Felitti, mai kula da asibitin rage ƙiba a birnin San Diego, ya lura cewa mutane da yawa suna barin jinya daidai lokacin da suka fara samun nasara. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna yara. Ga wasunsu, ƙibar garkuwa ce.

Wannan ya sa ya haɗa hannu da Dakta Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Daga 1995 zuwa 1997 suka tambayi manya fiye da 17,000 game da duka, zagi, lalata, rashin kulawa da tashin hankalin gida. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla ɗaya. Rahoton farko, na 1998, ya nuna cewa waɗanda suka fuskanci iri huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su fuskanci ko ɗaya ba kusan sau huɗu da rabi wajen ciwon damuwa, sau 12 wajen yunƙurin kashe kai, kuma kusan sau biyu wajen ciwon zuciya.

Binciken da ya biyo baya ya haska dalili. Idan tsoro ya kama yaro, jikinsa yana sakin sinadaran kotizol da adirenalin. Idan tsoron ya zama na kullum, jiki yakan saba da zaman ɗar-ɗar, abin da kan taɓa barci, hawan jini da garkuwar jiki har bayan shekaru.

Waɗannan alƙaluma haɗari suke nunawa, ba su yanke wa kowa hukunci ba. Babba guda mai tausayi yana rage wa yaro illar sosai, kuma ciwon damuwa yana jin magani. Wanda ya taso cikin irin wannan hali ya sanar da likitansa, kada kuma ya dakatar da maganin damuwa ba tare da shawararsa ba.