Zabarjadi: Asalin Kalmar da Ma'anoninta

A Bahuli, can gindin duwatsun Mandara a ƙasar Mubi, mun taɓa jin wani malami yana fassara wa almajiransa siffar gidajen Aljanna. Da ya zo kan kalmar zabarjadi sai ya ce dutse ne mai daraja, ruwan ɗorawa. Wani dattijo da ke gefe ya ce a'a, tsanwa ne. Wannan 'yar gardama ce ta sa muka bi sawun kalmar, sai muka tarar ta girme su duka biyu nesa ba kusa ba.

Bahaushe ya aro kalmar ne daga Larabci, ta bakin malamai, kamar yadda ya aro yaƙutu da murjani da lu'ulu'u. Waɗannan ukun duk sun zo a Suratur Rahman, amma zabarjadi bai zo a Alƙur'ani ba. A littattafan hadisi da na wa'azi aka fi cin karo da shi.

Su kansu Larabawan ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Albiruni, masanin ƙarni na 11, ya ɗauki zabarjad da zumurrud sunaye biyu ne na abu guda. Attifashi kuwa, wanda ya rasu a 1253, ya rarrabe su: zumurrudu kore ne shar, zabarjadi kuma korensa ya karkata zuwa rawaya. A ganinmu Attifashi ya fi kusa da gaskiya, domin akwai tsibiri a Bahar Maliya, daura da kudancin Masar, wanda har yau sunansa Zabargad, kuma dutsen da aka daɗe ana haƙowa a can launinsa ke nan, tsanwa mai ratsin ɗorawa.

Girkawan dauri sun san wannan tsibiri da sunan Topazios. Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ruwaito cewa sunan daga kalmar mutanen yankin yake mai nufin "nema", wai don hazo kan ɓoye tsibirin ga matuƙa jirage. Daga nan Turawa suka sami kalmar tofaz. Sai dai a ƙarni na 18 suka cire sunan daga dutsen tsibirin, suka liƙa wa wani dutse rawaya da ake haƙowa a Saksoni ta ƙasar Jamus, wanda ya fi shi tauri. Na tsibirin suka bar masa sunan feridot.

Saboda haka mai fassara zabarjadi da tofaz ya dace da tarihin sunan, amma ya kuskure dutsen. Tofaz ɗin da masu haƙar kuza ke tsinta a tsaunukan Jos ma galibinsa fari ne garau ko shuɗi-shuɗi, ba shi da alaƙa da zabarjadin littattafai. Malamin Bahuli da dattijon nan kuwa, kowannensu rabin launin ya faɗa.